Baruch Blumberg da Binciken Ciwon Hanta: Karatunsa da Tasirin Aikinsa

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 1957 waɗansu matasan masana guda biyu suka taso daga Jami'ar Oksfod ta ƙasar Ingila suka zo Nijeriya, suna bin al'ummu iri-iri suna ɗibar jininsu a 'yan kwalabe. Cikin waɗanda suka ɗebi jininsu har da Fulani makiyaya da dabbobinsu. Ɗaya daga cikin masanan shi ne Anthony Allison, ɗayan kuwa wani likita ne Ba'amurke mai suna Baruch Blumberg. A wancan lokaci babu abin da ya haɗa Blumberg da ciwon hanta. Abin da yake nema shi ne ya san yadda jinin wannan al'umma ya bambanta da na waccan. Amma bayan shekara goma sha tara, watau a 1976, sai ga shi an ba shi lambar yabo ta Nobel saboda aikin da ya kai ga gano ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon hanta nau'in B.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun wannan malami tun daga karatunsa har zuwa ƙarshen rayuwarsa, a ga yadda tambaya guda ɗaya ta ja shi zuwa inda bai nufa ba, sa'an nan a auna irin tasirin da aikinsa ya yi ga binciken cututtukan hanta da kuma lafiyar jama'a.

2.0 Halin da Ake Ciki Kafin Aikinsa

Hanta ita ce gaɓa mafi girma a cikin cikin ɗan Adam. Ita ke tace jini, ta sarrafa abincin da hanji ya tsotsa, ta kuma samar da ruwan ɗacin da ke taruwa a maɗaciya. Idan ta kumbura ta kasa aikinta, sai idanun mutum su yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, jikinsa ya mutu. Wannan alama ce Hausawa suka daɗe da sani da sunan shawara.

Likitoci sun daɗe da lura cewa shawarar da ke yaɗuwa tsakanin mutane iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗauka ta ruwa da abinci, akwai kuma wadda ke bin jini da allura. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka wajen dubu hamsin suka kamu da shawara bayan an yi musu wata allurar rigakafi da aka haɗa da ruwan jinin mutane. A 1947 wani likitan Ingila, F. O. MacCallum, ya raɗa wa nau'in farko suna A, na biyun kuma B. To, amma suna kawai aka sa. Babu wanda ya ga ƙwayar cutar, an kasa rainonta a ɗakin gwaji, kuma babu wata hanyar da za a duba jinin mutum a ce yana ɗauke da ita. Saboda haka ƙarin jini a asibiti ya zama tamkar caca: jinin da ya ceci ran majinyaci yau, shi ne zai iya kwantar da shi bayan wata uku.

3.0 Tashinsa da Karatunsa

An haifi Baruch Samuel Blumberg a birnin Niyok ranar 28 ga Yuli, 1925, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa lauya ne. Ya fara karatu a makarantar addinin Yahudu, inda ake koyar da yara muhawara a kan nassi, ana kawo hujja ana warware ta. Ya yi aikin sojan ruwa a zamanin yaƙi, kuma ya sami digirinsa na farko a fannin fiziks daga Kwalejin Union a 1946. Daga nan ya fara karatun lissafi mai zurfi a Jami'ar Kolombiya, amma bai daɗe ba ya koma makarantar likitanci ta wannan jami'a a 1947, ya kammala a 1951.

Abin da ya juya tunaninsa ya faru ne tun yana ɗalibi. A 1950 aka tura shi wani garin masu haƙar ma'adinai mai suna Moengo a ƙasar Surinam ta Amurka ta Kudu. Ma'aikatan wurin sun fito daga asali dabam-dabam: akwai jikokin mutanen Afirka, da na Indiya, da na tsibirin Jawa, da 'yan ƙasa na asali. Dukkansu sauro iri ɗaya ke cizonsu, kuma tsutsar nan mai kawo tundurmi tana ko'ina. Amma sai ya ga waɗansu ƙabilun cutar tana kama su sosai, waɗansu kuwa da ƙyar take taɓa su. Tambayar da ta tsaya masa a rai ke nan: me ya sa cuta ɗaya take kayar da wani ta ƙyale wani?

Bayan ya yi aikin asibiti a Niyok, inda ya mai da hankali ga ciwon gaɓoɓi, sai ya tafi Kwalejin Balliol ta Jami'ar Oksfod a 1955, ya yi digirin digirgir a kan wani sinadari da ke cikin ruwan gaɓoɓi. A can ne ya haɗu da Allison, wanda ya riga ya nuna cewa masu ɗauke da rabin gadon cutar sikila suna da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Wannan ya ƙarfafa wa Blumberg zaton cewa amsar tambayarsa tana cikin bambancin da mutane ke gada a jininsu. Tafiyarsu Nijeriya ita ce mafarin tara jinin da ya ci gaba da yi shekara da shekaru.

4.0 Gano Antijin na Ostareliya

Daga 1957 zuwa 1964 Blumberg ya yi aiki a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Amurka. A wannan tsakani ya tara dubban kwalaben ruwan jini daga sassan duniya, waɗansu da hannunsa, waɗansu kuma abokan aiki suka aiko masa. Kowace kwalba aka rubuta mata inda ta fito, aka adana ta cikin ƙanƙara.

Dabarar da shi da Allison suka fito da ita tana da sauƙin fahimta. Jikin mutum idan wani baƙon abu ya shige shi, yakan ƙera garkuwa ta musamman domin wannan abu. Baƙon abin da ke sa a ƙera garkuwar shi ake kira antijin. Mutumin da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, kamar mai cutar rashin daskarewar jini, ya karɓi jinin ɗaruruwan mutane, don haka jikinsa ya cika da garkuwoyi a kan abubuwan da bai gada ba. Jinin irin wannan mutum ya zama ma'auni ke nan. Sai a zuba wani abu mai daskarewa kamar ƙaro a kan gilashi, a huda rami ɗaya a tsakiya da waɗansu kewaye da shi. A ɗiga ruwan jinin majinyacin a ramin tsakiya, a ɗiga na sauran mutane a na kewaye. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta kowane gefe, kuma duk inda garkuwa ta yi kiciɓis da antijin ɗinta sai wani siririn layi ya fito fili.

Da wannan dabara suka fara gano wani bambanci na gado a cikin sinadarin da ke ɗaukar kitse a jini. A 1963 kuwa, wani matashin likita da ke aiki tare da Blumberg, mai suna Harvey Alter, ya ga wani layi da bai yi kama da sauran ba, domin bai karɓi rinin kitse yadda suke karɓa ba. Layin ya fito ne tsakanin jinin wani mai cutar rashin daskarewar jini daga Niyok da jinin wani mutum daga cikin mutanen asali na ƙasar Ostareliya. Dalilin da ya sa aka kira abin antijin na Ostareliya ke nan. An buga labarinsa a 1965.

A nan ne amfanin waɗancan kwalabe ya bayyana. Aka fito da su aka gwada, sai aka ga antijin ɗin bai cika samuwa ga Amurkawa masu lafiya ba, wajen mutum ɗaya cikin dubu, amma yana da yawa a waɗansu sassa na Asiya da Afirka da tsibiran tekun Fasifik. Haka kuma an same shi da yawa ga masu sankarar jini.

5.0 Daga Kuskure Zuwa Gaskiya

Ya kamata mai karatu ya lura cewa fassarar farko da Blumberg ya yi wa abin da ya gano ba daidai ba ce. Ganin antijin ɗin yana taruwa a cikin iyali guda, sai ya ɗauka gadonsa ake yi, kamar launin fata ko rukunin jini. Ganin kuma yawansa ga masu sankarar jini, sai ya yi zaton alama ce ta wanda ke iya kamuwa da ita.

A 1964 ya koma Cibiyar Binciken Sankara ta Fox Chase a birnin Filadelfiya, inda ya haɗa ƙungiya da likitoci irin su Thomas London da Alton Sutnick. Domin su gwada zatonsu, sai suka duba yaran da aka haifa da lalurar nan da ake kira Down, tun da an san sankarar jini ta fi kama su. Suka tarar kusan kashi uku cikin goma na waɗanda ke zaune a manyan gidajen raino suna da antijin ɗin, amma waɗanda ke gaban iyayensu ba su cika samunsa ba. Wannan ya fi kama da abin da ake ɗauka a cunkoso.

A 1966 aka sake gwada wani yaro wanda a da ba shi da antijin ɗin, sai aka same shi da shi. Abin da aka gada ba ya ɓullowa da rana tsaka. Wani mai binciken zai iya cewa kuskuren gwaji ne, ya share sakamakon ya wuce. Su kuwa suka kwantar da yaron suka bincike shi, suka ga awon hantarsa ya tashi, da aka ɗebi ɗan tsokar hantar aka duba sai aka tabbatar ta kumbura. Ba da daɗewa ba wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin nasu ta ji ba ta jin daɗin jikinta, ta gwada jininta da kanta, ta ga antijin ɗin, sa'an nan shawara ta bayyana gare ta. A 1967 suka buga cewa antijin na Ostareliya yana da alaƙa da ciwon hanta.

Masana ciwon hanta ba su yi saurin amincewa ba, domin an sha yin shelar gano wannan ƙwaya a baya ana ƙarewa da jin kunya, ga shi kuma mai maganar baƙo ne a fagen. Aikin waɗansu ne ya cike giɓin. A 1968 Alfred Prince a Niyok ya nuna cewa antijin ɗin na nau'in B ne kaɗai, wanda ke bin jini, kuma Kazuo Okochi a Japan ya nuna yana wucewa ta ƙarin jini. A 1970 David Dane a London ya ga cikakkiyar ƙwayar cutar da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Daga nan aka gane cewa antijin na Ostareliya rigar da ke lulluɓe da ƙwayar ce. Taruwarsa a cikin iyali kuwa, daga baya aka tabbatar babban dalilinta shi ne uwa tana sa wa jaririnta cutar wajen haihuwa, yara kuma suna sa wa juna.

6.0 Tasirin Aikin

6.1 Tsabtace jinin da ake ƙara wa majinyata

Amfanin farko ya zo nan da nan. Tun da an sami alamar da za a duba, sai aka fara gwada jinin masu bayarwa a Filadelfiya a 1969, kuma a farkon shekarun 1970 gwajin ya zama dole a Amurka, sauran ƙasashe suka bi. Yawan masu kamuwa da shawara bayan ƙarin jini ya faɗi ƙwarai. Har yau, gwajin da ake yi wa mai ba da jini a asibiti wannan antijin yake nema.

6.2 Allurar rigakafi

Hanyar da aka saba yin allurar rigakafi ita ce a raini ƙwayar cuta a ɗakin gwaji, a kashe ta ko a raunana ta. Wannan ƙwaya kuwa ta ƙi rainuwa. A 1969 Blumberg da abokin aikinsa Irving Millman suka kawo wata dabara. Sun lura cewa ƙwayar tana ƙera riguna fiye da buƙatarta nesa ba kusa ba, har jinin mai ɗauke da ita ya cika da rigunan da babu kome a cikinsu. Idan aka raba su da ƙwayar, kamar yadda ake sheƙe ƙaiƙayi a raba shi da tsaba, to rigar kaɗai ta isa ta koya wa jiki ƙera garkuwa ba tare da ta sa masa cuta ba. Mayar da wannan dabara ta zama allurar da za a amince da ita aiki ne na shekaru, wanda Maurice Hilleman ya jagoranta a kamfanin Merck. Wolf Szmuness ya gwada ta a kan mutane sama da dubu a Niyok, aka buga sakamakon a 1980, aka ba ta lasisi a 1981. A 1986 aka fito da wadda ake ƙerawa ta hanyar yis, ba da jinin mutum ba, kuma irinta ake amfani da ita yanzu.

6.3 Sankarar hanta

Likitocin da suka yi aiki a Afirka da Asiya sun daɗe suna ganin sankarar hanta tana kashe magidanta masu ƙarfi a jika, ba a san dalili ba. Blumberg yana cikin waɗanda suka dage cewa wannan ƙwaya ce babban sanadi. A shekarun 1970 ƙungiyarsa ta yi aiki da likitoci a ƙasar Senegal, suka ga galibin masu sankarar hanta suna ɗauke da ƙwayar, kuma iyayensu mata ma da yawa suna ɗauke da ita. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Taiwan, inda Palmer Beasley ya bi lafiyar maza 22,707, ya buga a 1981 cewa haɗarin sankarar hanta ga mai ɗauke da ƙwayar ya ninka na wanda ba ya ɗauke da ita fiye da sau ɗari. Taiwan ta fara yi wa jarirai allura a 1984. Cikin 'yan shekaru yawan yara masu ɗauke da ƙwayar ya sauko daga wajen kashi goma cikin ɗari zuwa kusan kashi ɗaya, sankarar hanta ta yara kuma ta ragu da kimanin rabi. Don haka ake kiran wannan allura ta farko da ta zama rigakafin sankara ga ɗan Adam.

6.4 Buɗe ƙofa ga sauran masu bincike

Da aka iya ware nau'in B, sai sauran suka fito fili. An gano ƙwayar nau'in A a 1973, Mario Rizzetto kuma ya gano nau'in D a Italiya a 1977. Alter, wanda ya ga layin farko, ya ci gaba da bin majinyatan da aka yi wa ƙarin jini, ya nuna akwai wata cutar da ba A ba ce ba kuma B ba. Ita ce aka gano a 1989 aka sa mata suna C, kuma a kanta ne shi ma ya sami lambar Nobel a 2020 tare da Michael Houghton da Charles Rice.

7.0 Sauran Rayuwarsa ta Ilmi

Blumberg ya raba lambar Nobel ta 1976 da Carleton Gajdusek. A 1977 ya zama farfesan likitanci da nazarin al'adun ɗan Adam a Jami'ar Fensilbeniya, haɗin da ke nuna yadda yake kallon cuta: ba a fahimtarta sai an san yadda mutane ke aure da haihuwa da zaman tare. Daga 1989 zuwa 1994 ya shugabanci Kwalejin Balliol, inda ya yi ɗalibta. Daga 1999 zuwa 2002 ya zama shugaban farko na cibiyar da hukumar sararin samaniya ta Amurka ta kafa domin nazarin asalin rai da yiwuwar samunsa a wajen duniya. Ya rasu ranar 5 ga Afrilu, 2011, a jihar Kalifoniya, jim kaɗan bayan ya gabatar da jawabi a wani taron masana. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe a matsayin ranar ciwon hanta ta duniya.

8.0 Abin da Ya Rage

Aikin bai ƙare ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, kuma ya kashe wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari a wannan shekara. Afirka ta Yamma tana cikin inda cutar ta fi yawa. Wani babban binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ita. Galibinsu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama, sai hanta ta taurare ko sankara ta kama ta.

Shekarun da mutum ya kamu su ke yanke hukunci. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikinsa yakan kore ta. Jariri kuwa, tara cikin goma sukan riƙe ta har girma. Shi ya sa ake so a yi allurar farko cikin awa ashirin da huɗu da haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 1992 da a sa allurar cikin rigakafin yara, Nijeriya kuma ta fara a 2004. Amma inda aka fi haihuwa a gida, kuma mai jego ba ta fita da wuri, wannan allura ta ranar farko takan kuɓuce. Askar da aka yi wa wani aski ko kaciya ko tsaga da ita, aka juya ga wani ba a tsabtace ta ba, hanya ce ta yaɗuwa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuma suna ɗauke da wata guba mai ƙara haɗarin sankara ga mai ɗauke da ƙwayar. Akwai magungunan da ke danne cutar su kare hanta, sai dai ba su kan kawar da ita gaba ɗaya ba. A nan maganar Hausawa ta tabbata cewa rigakafi ya fi magani.

9.0 Kammalawa

An ga yadda Blumberg ya fara da tambaya a kan bambancin mutane, ya tara jini daga ƙasashe da dama, ya yi wa abin da ya gano fassarar da ba daidai ba, sa'an nan hujja ta tilasta masa canza hanya. An kuma ga cewa ba shi kaɗai ya yi aikin ba: Alter ne ya ga layin, Prince da Okochi da Dane suka tabbatar, Hilleman ya ƙera allurar, Beasley ya auna haɗarin sankara. Rabonsa a ciki shi ne ya adana abin da ya tara da kyau, kuma sa'ad da sakamakon yaro guda ya saɓa wa zatonsa bai jefar da shi ba. Wannan ɗabi'a tana da amfani ga ɗalibin da ke tara kalmomi ko waƙoƙi ko tarihin baka kamar yadda ta yi wa mai tara jini. Mai nema yana tare da samu, ko da abin da ya samu ba shi ya fita nema ba.